Tambayi Likita: Allurai da Shirin Lafiya Kafin Tafiya Ƙasar Waje

Wasiƙun da suka fi yawa a wannan karo na masu shirin tafiya ne: maniyyata, 'yan kasuwa, ɗalibai, da masu dawowa ganin gida. Mun taƙaita tambayoyin, mun haɗe masu kama da juna.

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Kano, nan da mako guda zan tashi zuwa Guanzu ta ƙasar Sin saro kaya. Wanda ke yi mini takardu ya ce in ba shi kuɗi ya kawo mini yalo kad har shago, ba sai an yi mini allura ba. Akwai matsala?

Amsa: Akwai, Alhaji, har guda biyu, kuma ta farko ko katin gaskiya ne ba zai warware ta ba.

Katin nan mai ruwan ɗorawa shaida ce ta ƙasa da ƙasa cewa an yi maka allurar rigakafin zazzaɓin shawara. A ƙa'ida ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, domin tsawon lokacin ke nan da jiki ke buƙata kafin ya haɗa garkuwa. Wanda aka yi wa allura yau ya sauka a Sin nan da kwana 7, katinsa bai fara aiki ba tukuna. Jami'in lafiya na filin jirgi kwanan watan da ke jiki yake dubawa ya lissafa. Idan kwanakin ba su cika ba, ƙasa na da ikon killace matafiyi har kwana 6, wato iyakar kwanakin da cutar ke ɗauka kafin ta bayyana a jiki, ko kuma ta mayar da shi a jirgi na gaba. Indiya ta yi suna wajen killacewar nan, masu kai marasa lafiya asibiti can su riƙe wannan. Saboda haka idan ba a taɓa yi maka allurar ba, ka je a yi maka gobe, ka ɗaga tikitinka da kwana 4 ko 5. Kuɗin canza tikiti bai kai asarar tafiyar baki ɗaya ba.

Matsala ta biyu ita ce katin na bogi. A watan Maris na 2012 Afirka ta Kudu ta mayar da 'yan Najeriya 125 daga filin jirgin Johannesbag bisa zargin katunansu na jabu ne, abin da ya jawo takun saƙa tsakanin ƙasashen biyu. Tun 2019 Najeriya ta koma sabon kati mai lambar da ake dubawa da na'ura, wadda ke haɗe da lambar fasfonka a rumbun bayanan Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya. Hanyar samunsa ba ta da wuya: ka yi rajista a shafin intanet na ma'aikatar da lambar fasfonka, ka biya kuɗin ta hanyar da aka nuna, ka buga rasit, sannan ka kai kanka da fasfonka ofishin jami'an lafiya na tashoshin shiga da fita, irin wanda ke filin jirgin Malam Aminu Kano. Nan za a yi maka allurar, guda ɗaya a dantse, a ba ka kati. Kafin ka bar teburin ka duba abu huɗu: sunanka ya zo daidai da yadda yake a fasfo harafi da harafi, an rubuta kwanan wata, an rubuta lambar rukunin maganin da ke jikin kwalba, kuma akwai sa hannu da hatimi. Rashin ɗaya daga cikinsu ya isa a ƙi karɓar katin.

Wani abin da masu yin takardu ba sa faɗa: tun ranar 11 ga Yulin 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta soke batun sabuntawa duk shekara 10. Allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Sau ɗaya za ka sha wannan zirga-zirgar. Kuma amfanin allurar ya fi yawa a gida, ba a Sin ba, don cutar tana nan tare da mu: ta sake ɓulla a Najeriya a 2017, kuma a 2019 ta kashe mutane a Bauci, a ɓarkewar da aka danganta da yankin gandun dajin Yankari. Cikin waɗanda ta yi wa mummunan kamu, kusan rabi ba sa tashi, kuma ba ta da magani na kai tsaye.

Ba kowa ake yi wa ba. Ba a yi wa jariri ɗan ƙasa da wata 6. Ba a yi wa wanda jikinsa ke mummunan bori idan ya ci ƙwai, da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni sosai, kamar mai shan maganin daji ko mai cutar ƙanjamau da ta ci jiki. Mai juna biyu, mai shayar da ƙaramin jariri, da wanda ya haura shekara 60 kuma bai taɓa yi ba, sai likita ya auna amfani da haɗari. Wanda ba za a yi wa ba, takardar uzuri mai hatimi likita ke rubuta masa, amma ƙasar da za a je ita ke da ta cewa ko za ta karɓa.

Tambaya: Na biya kujerar Hajji daga Gusau. An taɓa yi mana allurar sanƙarau a unguwa shekarun baya, sai ga shi an ce dole a sake. Har da ɗigon shan inna, wanda na san na yara ne. Me ya sa?

Amsa: Hajiya, ƙwayar cutar sanƙarau ba iri ɗaya ba ce. Akwai nau'in A, da C, da W, da Y, da X, da wasu. Allurar gama-gari da aka yi wa jama'a a Nijar daga 2010, a arewacin Najeriya kuma daga 2011, ta nau'in A ce kaɗai. Ta yi aiki ƙwarai, A ya kusa ɓacewa. Amma ke shaida ce kan abin da ya faru a Zamfara da Sakkwato a 2017: wancan nau'in C ne, wanda waccan allurar ba ta tare shi. A wajen Hajji kuwa, nau'in W ne ya ɓarke a 2000 da 2001, alhazai suka koma da shi ƙasashensu. Tun daga nan Saudiyya ta wajabta allurar da ta haɗa nau'i huɗu, A, C, W da Y, ga duk mai Hajji ko Umara.

Sharuɗɗanta: a yi ta aƙalla kwana 10 kafin a sauka a Saudiyya. Tsohon samfurin allurar shekara 3 ake lissafa masa, sabon samfurin shekara 5. Idan ba a rubuta ko wane samfuri ne a kati ba, shekara 3 za a ɗauka, don haka ki ce wa mai allurar ya rubuta sunan maganin a fili. Mutum zai iya ɗauke da ƙwayar a maƙogwaronsa yana yawo lafiya lau, yana watsa wa wasu ta tari da atishawa. A tanti ɗaya a Mina mutane da yawa ne ke kwana kafaɗa da kafaɗa. Dalilin tsaurin ke nan. A 1996, shekarar babbar annobar sanƙarau a Arewa, Saudiyya hana maniyyatan Najeriya shiga ta yi.

Shan inna kuma, gaskiya ne yara ta fi nakasawa, amma babba na ɗaukar ƙwayar a hanjinsa ya fitar da ita ta bayan gida ba tare da ya ji komai ba. An ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar a watan Agustan 2020, sai dai akwai wani nau'in da har yanzu ake samu a wasu jihohin Arewa inda yara da yawa ba su sami ɗigon ba. Shi ya sa ake so a ba ki aƙalla mako 4 kafin tafiya. Idan aka sake ɗiga miki a filin jirgin Jidda ko Madina, ki karɓa, ba ya cutarwa.

Allurar mura ta shekara-shekara tana da amfani ga kowane maniyyaci, musamman tsofaffi da masu asma ko ciwon zuciya. Ba za ta hana tarin nan da kusan kowa ke dawowa da shi ba, amma tana rage mura mai tsanani da ke rikiɗewa ta zama namoniya.

Tambaya: Za a iya yi wa mutum allura uku rana ɗaya? An ce suna faɗa da juna a jiki.

Amsa: Za a iya, a wurare daban-daban na jiki, kowace da sirinjinta. Ƙa'idar da ake kiyayewa ta shafi masu ɗauke da ƙwayar cuta mai rai da aka raunana, kamar ta shawara da ta ƙyanda: ko dai a yi su rana ɗaya, ko a bar mako 4 tsakani. Ciwon dantse da ɗan zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu ba abin tsoro ba ne, farasitamol ya isa. Ka zauna minti 15 zuwa 30 a wurin bayan allura, don bori mai tsanani, duk da ba kasafai yake faruwa ba, a cikin mintunan nan yake zuwa.

Tambaya: Mahaifina yana da shekara 68, yana da ciwon suga da hawan jini, yana allurar insulin. Ya dage sai ya sauke farali bana. Me za mu shirya masa?

Amsa: Allah ya ba Baba iko. Ciwon suga da hawan jini da ake kula da su ba sa hana Hajji. Waɗanda Saudiyya ta ce kada a kawo su ne mai wankin ƙoda, mai gazawar zuciya mai tsanani, mai ciwon huhu da sai da iskar oksijin, mai ciwon hanta da ya yi nisa, mai ciwon daji da ke kan magani, mai tarin fuka da ke yaɗuwa, mai ruɗewar tsufa, da mai ciki a watannin ƙarshe. Muna roƙon iyalai su daina ɓoye irin waɗannan a wajen gwajin hukumar alhazai. Ɓoyewar ba ta taimaki tsohon ba.

Ku kai shi wurin likitansa wata biyu kafin tashi, ba mako biyu ba. A auna ƙoda, a duba zuciya, ido da tafin ƙafa. Babban haɗarinsa a can ba hawan suga ba ne, faɗuwarsa ne. Mutumin da a gida daga ɗaki sai masallaci, zai wayi gari yana ɗawafi da sa'ayi, kuma sa'ayin kaɗai ya doshi kilomita 3, ga abinci ba ya zuwa kan lokaci. Insulin ɗin da ya saba yi zai yi masa yawa a irin wannan rana, haka ma ƙwayar gilibenkilamaid idan yana sha. Likita ya rubuta masa yadda zai rage a ranakun tafiya mai yawa. Ya auna suga kafin ya fara ɗawafi. Alamun faɗuwa su ne karkarwa, zufa mai sanyi, yunwa, jiri da magana ba kan gado. Idan na'ura ta nuna ƙasa da 70, ko alamun sun bayyana babu na'ura a kusa, a ba shi cokalin shayi 3 zuwa 4 na sukari a ruwa, ko rabin kofin lemo mai zaƙi, a sake aunawa bayan minti 15, sannan ya ci abinci. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki. A kira motar asibiti a lamba 997. Dabino da sukari su zauna a jakar ɗamararsa kullum, kuma abokin ɗakinsa ya san wannan bayanin kamar yadda Baba ya sani.

Insulin a jakar hannu ake shiga da shi jirgi. A ɗakin kaya sanyi na iya daskarar da shi, kuma wanda ya daskare ya lalace ko da ya narke. A masauki a sa wanda ba a buɗe ba a firij, nesa da wurin ƙanƙara. Wanda aka buɗe yana yin kwana 28 idan zafi bai wuce digiri 30 ba, amma tantin Arfa ya fi haka nesa ba kusa ba, sai a nemi 'yar jakar sanyaya magani. Ku ƙulla masa maganin da zai ishe shi duk zaman, ku ƙara na mako biyu saboda jinkirin jirgin dawowa, ku raba gida biyu a jaka biyu.

Sai ƙafa. Mai ciwon suga na shekaru sau da yawa tafin ƙafarsa ya daina jin zafi. Ya fito daga Harami bai ga takalminsa ba, ya ce bari ya taka zuwa masauki, kwalta ta ƙona shi bai ji ba, sai dare a ga fata ta saɓule. Daga nan ake kaiwa ga yanke yatsa. Ya riƙa sa takalminsa a 'yar jaka yana shiga da shi. Kada ya tafi da sabon takalmi, ya fara sa shi tun a gida yana tattaki na minti 30 kullum. Kowane dare a duba masa tafin ƙafa da tsakanin yatsu.

A Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, kuma hukumomin Saudiyya sun ce mutum 1,301 suka rasu, mafi yawansu waɗanda suka shiga ba da izini ba, ba su da tanti ko mota. Tsofaffi da yawa na ƙin shan ruwa don gudun layin banɗaki a Mina. Wannan dabarar ce ke kai su gadon asibiti. Ya riƙa kurɓa a kai a kai har fitsarinsa ya zama fari-fari, ya riƙe lema, ya guji fita daga hantsi zuwa la'asar. Idan cikin magungunan hawan jininsa akwai mai sa fitsari, a tambayi likita yadda za a yi da shi a ranakun zafi. Gudawa ta kama shi, a dama ruwan gishiri da sukari na leda, ko a haɗa: lita 1 ta ruwa mai tsabta, cokalin shayi 6 na sukari a shafe, rabin cokalin shayi na gishiri. Sukarin da ke ciki ba dalilin hana shi ba ne, sai dai a riƙa auna jini. Batun wakilta wani ya yi masa jifa, ku tambayi malaman bita, akwai sauƙin da shari'a ta yi wa mai rauni.

Ranar aski ya je wurin masu askin da ke da izini, ya ga an ɓare sabuwar reza a gabansa, saboda ciwon hanta nau'in B da C ta jini suke bi. Yawon shan nonon raƙumi ɗanye a bayan gari kuma a bar shi: cutar numfashi ta MERS, wadda aka gano a Saudiyya a 2012, daga raƙuma ake ɗaukarta, kuma masu ciwon suga ta fi yi wa illa.

Tambaya: Lissafina ya nuna al'adata za ta zo a kwanakin aikin Hajji. Ƙawata ta ce in sayi Primolut, maganin jinkirta al'ada, a kemis.

Amsa: 'Yar'uwa, maganin yana aiki, amma ba a kemis ake yanke shawararsa ba. Yadda aka saba bayarwa shi ne ƙwaya ɗaya mai miligiram 5, sau uku a rana, a fara kwana 3 kafin ranar da ake sa ran jinin. Jinin kan zo kwana 2 zuwa 3 bayan an daina. Kurakuran da ke ɓata shi biyu ne: farawa bayan jini ya riga ya fara, da tsallake lokacin sha. Dukansu ɗigon jini suke jawowa, wanda ya fi al'adar kanta rikita ibada. Ba a son a ja shi fiye da mako biyu sai da umarnin likita, don haka a saita shi kan kwanakin da suka fi muhimmanci. Wadda ta taɓa samun gudan jini a jijiyar ƙafa ko huhu, ko shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon hanta, ko dajin mama, ba nata ba ne. Doguwar zama a jirgi da ƙarancin ruwa a jiki na ƙara haɗarin gudan jinin. A yi gwajin ciki kafin a fara, kuma kada ki ɗauke shi a matsayin maganin tazarar haihuwa. Ki ga likitan mata wata biyu zuwa uku kafin tafiya.

Tambaya: Ina zaune a Ingila shekara 12. Zan kawo yarana uku Katsina hutu, a can aka haife su duka. Ni dai na saba da maleriya, su nake tunani.

Amsa: Malam, ka sa kanka a lissafin. Ɗan jurewar da mazaunin gida ke da shi cizon sauro na yau da kullum ne ke riƙe da shi, kuma yana raguwa idan mutum ya bar ƙasar. Mafi yawan masu maleriya a asibitocin Ingila masu dawowa daga ganin gida ne a Afirka ta Yamma. Yaranka kuwa ba su da komai, zazzaɓin na iya kai su ga suma cikin kwana ɗaya ko biyu.

Magungunan kariya uku ne. Malarone ana fara shi kwana 1 zuwa 2 kafin shigowa, kullum tare da abinci, a ci gaba kwana 7 bayan an koma. Shi ya fi sauƙi ga gajeren hutu, sai tsada. Dokzisaikilin ma kullum ne, amma sai an ci gaba mako 4 bayan komawa, kuma ba a ba 'yan ƙasa da shekara 12 a Ingila, ko mai ciki. Mefulokwin sau ɗaya ne a mako, a fara mako 2 zuwa 3 kafin tafiya, a ci gaba mako 4 bayanta, ba a ba mai farfaɗiya ko mai tarihin ciwon damuwa. Na yara da nauyinsu ake aunawa. Kulorokwin ya daina aiki a nan, ko wa ya ba ka shawararsa. Inda aka fi faɗuwa shi ne dainawa da zarar an sauka a Ingila, alhali ƙwayar na iya kasancewa a hanta ba ta fito ba.

Ku kwana a gidan sauro mai magani, a shafa wa yara man korar sauro mai DEET da magariba. Duk zazzaɓin da ya zo daga kwana 7 da isowa, har zuwa shekara guda bayan komawa, a yi gwajin jini a ranar, kuma ka faɗa wa likitan can da bakinka cewa kun je Najeriya.

Allurai: ta shawara dole ce ga duk wanda ya kai wata 9, a cibiyoyi na musamman ake yi, da kuɗi. Ta taifot da ta ciwon hanta nau'in A kyauta ne a asibitin unguwarku. A duba jan littafin rigakafin yaran a tabbatar sun cika ta ƙyanda da ta mashaƙo, don mashaƙo ta yi ɓarna a Kano da maƙwabtanta a 2023. Ka nemi ganin ma'aikaciyar jinya mako 6 zuwa 8 kafin tafiya.

Tambaya: Na sami gurbin karatu a Ingila, an ce sai na yi gwajin tarin fuka. Zan iya yi a asibitin garinmu?

Amsa: A'a. Duk mai neman bizar zama fiye da wata 6 daga Najeriya sai ya yi a cibiyar da gwamnatin Birtaniya ta amince da ita, kamar na Hukumar Ƙaura ta Duniya a Abuja da Legas. Hoton ƙirji ake ɗauka, takardar kuma wata 6 take aiki. Idan hoton ya nuna tabo, za a karɓi majina safiya uku a shuka ta, sakamakon na iya kai mako 8. Wannan ne ke sa ɗalibai rasa zangon farko, don haka ka yi da wuri. Idan an taɓa yi maka maganin tarin, ka tafi da katin asibitin da tsohon hoton. Da ka isa, ka yi rajista da likitan unguwa ka nemi allurar sanƙarau ta sababbin ɗalibai idan ba ka kai 25 ba.

Tambaya: Ina shan tiramadol saboda ciwon baya, likita ne ya rubuta mini. Zan iya tafiya da shi Umara?

Amsa: Sai da takardu cikakku, kuma mun fi so ka koma wurin likitan ya duba ko akwai madadinsa na kwanakin tafiyar. Tiramadol, kodin, baliyam da firigabalin duk suna cikin magungunan da Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ke sa wa ido sosai, kuma a Saudiyya hukuncin safarar ƙwaya na kaiwa ga kisa. Idan babu makawa, ka riƙe rahoton likita na Turanci ko Larabci mai hatimin asibiti, wanda bai wuce wata 6 ba, ɗauke da sunanka kamar na fasfo, sunan ciwon, sunan maganin da yawan da kake sha. Adadin kada ya wuce na kwanakin zamanka, kuma kada ya haura na wata guda. Ka bar shi cikin kwalinsa na asali, ka bayyana shi ga jami'an kwastan da kanka. Mai bi ta Dubai ya nemi izinin ma'aikatar lafiyarsu ta intanet tun kafin ya tashi.

Garin magani na gargajiya da aka ƙulle a leda babu suna, a bar shi a gida, jami'in da ya gan shi ba shi da hanyar sanin ko mene ne sai an kai ɗakin gwaji, kai kuma kana tsare. Goro ma haramun ne shiga da shi Saudiyya. Saƙon da wani ya ce ka kai wa ɗan'uwansa, ko ƙullin yaji ne, ka buɗe shi a gabansa, in ya ƙi ka mayar masa. A wurin awon kaya ka ƙirga jakunkunanka, ka duba cewa adadin da aka rubuta a 'yar takardar da aka manna maka a tikiti ya yi daidai da abin da ka miƙa.